Yatsan da Latifatu Ke Bari

Duk macen da Latifatu ta yi wa lalle a unguwarmu Aboabo, a hannu za ka gane ta: yatsu tara baƙi ƙirin, manuniyar hagu babu ko ɗigo. Amare sun yi kuka, iyayensu sun yi faɗa, ni ma maƙwabciyarta na sha yi mata tsiya. Ko a jikinta.

Abin ya samo asali ne daga ƙanwarta Sanatu. A shekarar korona, bayan wani biki, numfashi ya riƙe ta. A wani ƙaramin asibiti suka maƙala mata a yatsa na'urar nan mai kama da abin maƙale shanya, wadda ke tura jan haske ta cikin fata da nama da jini, ta auna abin da ya fito ta ɗaya gefen. Lambar ta yi ƙasa sosai. Nas ɗin ya dubi yatsan ya ce, "Lalle ne ya shanye haske, Anti. Ku kai ta gida ta huta." Washegari aka yi mata wankan gawa. Latifatu ce ta yi wannan lallen.

Daga nan ta sayi na'urar. Kafin ta taɓa mace sai ta maƙala mata, ta ƙura wa yatsan ido yana ja kamar garwashi. Wata rana ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "Awawu, hasken da ya shiga Sanatu bai fito ba, yana ina?"

Bara Latifatu ta faɗi tana haki. Na saka ta a yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, muka tafi asibiti. Sai a can na lura da abin da ban taɓa lura ba: sana'a ta rina mata yatsu goman duka. Ta bar wa kowa ƙofa, ita ba ta da ko ɗaya.

Aka maƙala na'urar. Latifatu ta dubi lambar, ta riƙe ni gam. "Ita ce. Ta Sanatu ce."

Nas ɗin, wata yarinya, ta juya hannun ta ce, "Mma, wataƙila lalle…"

Ban san lokacin da na fizge mata safa ba. Babban yatsan ƙafarta tas yake, ashe shekaru tana tsallake shi in tana yi wa kanta lalle. Aka mayar da na'urar can. Lambar ba ta motsa ba.

Nas ta ruga tana kiran a kawo iskar oksijin. Latifatu ko kallonta ba ta yi ba. Jan hasken take kallo, tana cewa, "Kin gani, Sanatu? Ba lalle ba ne."