Haɗau da Laƙabin Yallaɓai

Har gobe ban manta da ranar da aka tashe ni daga kan kwamfuta aka mayar da ni teburin karɓar baƙi saboda layi ɗaya na rubutu ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuke ganin rubuta bayanin manhaja aikin wanda ya rasa abin yi ne, ku gyara zama.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ne. Ina aiki a wani ɗan kamfani a saman bene, bayan babbar kasuwar Azare. Mai kamfanin, Malam Isa Garba, mutumin Shira ne. Shi ne manaja, shi ne kuma mai riƙe makullin janareta, mu dai Yallaɓai muke ce masa. Daga shi sai Sagir, babban mai rubuta manhaja, sai ni Hadiza, Jami'ar Bayani. Muƙamin ya fi albashin nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da muke sayarwa rumbun manhaja ne, wato tarin ƙananan kayan aiki da aka riga aka rubuta. Masu shagon kwamfuta a Azare da Yana da sauran garuruwa sukan saya a faifai, su riƙa ɗiba suna buga katin shaida, sakamakon jarrabawa da takardar yabo. Sagir ne ke ƙera kayan, ni kuma in rubuta yadda ake amfani da kowanne: abin da za ka ba shi, abin da zai fitar, da misali guda. Lokacin intanet sai ka je kafe, shagon da ake biya a hau, kiran waya kuma sai ka shirya, don haka mai shago a Yana ba shi da malami sai abin da na rubuta. Ƙa'idarmu ita ce, kafin a buga sabon faifai sai an gwada kowane misali a kwamfuta. In abin da ya fito ya saɓa da abin da na rubuta, faifai ba ya fita.

A duk rumbun babu ƙarami kamar wanda muke kira Haɗau. Aikinsa ka ba shi guntayen kalmomi, laƙabi da suna da sunan uba da gari, ya jera maka su a layi ɗaya da tazara a tsakani. Da yake kati yana da iyakar faɗi, idan layin ya yi tsawo sai Haɗau ya zubar da laƙabi ya bar sunan, don sunan ake nema a katin shaida. Ranar da zan rubuta misalinsa ina sabuwar zuwa, na ɗaga kai ina neman suna, sai na ga manaja yana shan shayi. Na rubuta Malam, Isa, Garba, Shira. Ya leƙo ya gani, ya yi murmushi, ni ma na ji daɗi don ban san abin da na jawo wa kaina ba.

Shekara ta zagayo Yallaɓai ya sauke farali. Ba a gama rabon dabino da zamzam ba ya tsaya a bayan kujerata, ya ce akwai babban kuskure a bayanin Haɗau. Na bi layi-layi ban ga komai ba. Sai ya ɗora yatsa a kan Malam. Na goge na sa Alhaji, aka gwada, aka buga sabon faifai, aka aika wa masu shaguna cewa ingantaccen rumbu ya fito. Ba a jima ba wata ƙungiya ta ba shi Injiniya, aka sake bugawa. Daga nan wata makaranta da ba wanda ya taɓa ganin ko allonta ta ba shi Dakta a ɗakin taron wani otal. Duk wannan lokaci akwai kuskure na gaskiya a bayanin kayan lissafin maki da nake roƙon a ba ni dama in gyara, kullum sai a ce ba na gaggawa ba ne.

Ranar da na ƙara Dakta, layin ya wuce faɗin kati. Haɗau ya yi aikinsa yadda aka koya masa, ya kwashe laƙabin nan kaf ya fitar da Isa Garba Shira, tsirara. Sagir ya fara dariya, sai ya juya ya ga wanda ke tsaye a bayansa, dariyar ta koma tari.

"Wa ya koya wa na'ura rashin kunya?" in ji Yallaɓai.

Sagir ya shiga bayanin faɗin kati, amma ba a bar shi ya kai ƙarshe ba. Yallaɓai ya ce a ƙasar nan ko ɗan acaɓa ba ya kiran babba da gatsal ɗin sunansa, balle abin da shi ya sayo wa man janareta. Ya ba da umarni a juya tsarin: laƙabi ba ya faɗuwa, in wuri ya ƙare a riƙa zubarwa daga ƙarshen layi. Sagir mutumin kirki ne amma ba ya musu da mai albashi, kafin azahar ya gama. Aka gwada, sai ga Alhaji Injiniya Dakta Isa Garba, Shira ta faɗi. Yallaɓai ya ce ba komai, kowa ya san shi ɗan Shira ne.

Ni kuma na yi nawa aikin. Na gyara misalin, sannan na ƙara layi ɗaya a ƙasa: gargaɗi, idan laƙabi ya yi yawa Haɗau zai zubar da gari, sannan sunan uba, sannan sunan mutumin kansa. Da ya karanta sai ya sha mur.

"Hadiza, kin taɓa ganin mai tumatir ya rubuta a jikin kwando cewa na ƙasa ya ruɓe?"

"Yallaɓai, mai sayen tumatir yana iya juye kwandon ya duba. Mai shago a Yana ba shi da abin dubawa sai wannan bayanin."

Ya ce in goge. Na ce sunana ne a ƙasan bayanin, ba zan sa hannu a kan abin da na san an ɓoye masa aibu ba. Na san ina da baki, mahaifiyata ma ta sha faɗa mini, amma a kan wannan ko yau aka dawo haka zan ce. Ya sa Sagir ya goge layin, aka buga faifai aka aika a haka, ya ce ni in koma teburin karɓar baƙi, ya kuma ba ni zuwa ƙarshen damina: ko in zo in ba da haƙuri, ko in nemi wani wurin. Wani wurin kuwa babu shi a Azare lokacin ga mace mai irin karatuna, ga shi da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata.

Na zauna a teburin nan ina yi wa mutane sannu da zuwa, ina korar ƙuda. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro ma ya kama ni. Sau da yawa nakan tsara kalaman ban haƙuri a bayan acaɓa da safe, kafin mu wuce layin 'yan hatsi sai in fasa.

Ana cikin haka wata ƙungiyar matasa a Yana ta ce za ta naɗa shi Garkuwan Matasa. Wanda aka ba bugun takardun yabo shi ne Malam Buba, mai shagon kwamfuta a can, mutumin da ya fi kowa bin bayanina sau da ƙafa. Aka tafi da ni, ba don girmamawa ba, don in riƙa miƙa ruwa da riƙe kyaututtuka. Yallaɓai ya aika mota har Shira aka ɗauko mahaifinsa, Malam Garba, dattijon manomi. An ɗinka masa sabuwar babbar riga, an zaunar da shi a sahun gaba, ya ɗora hannayensa biyu a kan sanda yana ta kallon ɗansa.

Sanƙira ya ɗaga takardar cikin gilashinta ya karanto da ƙarfi: Alhaji Injiniya Dakta Garkuwan Matasa Isa. Ya ɗan dakata, ya juya bayan gilashin ko sauran yana can, sai tafi ya rufe shi. Yallaɓai ya karɓa da murmushin dole, ya miƙo mini, ya ja Malam Buba bayan rumfa. Ina jin su. Malam Buba ya ce wallahi ya lura Garba bai fito ba, ya koma bayani ya karanta tun daga farko bai ga an ce Haɗau yana zubar da suna ba. Da ya ga a misalin ma babu Shira, sai ya ɗauka Yallaɓai ne da kansa yake rage su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda manya suke yi in sun gawurta.

Suna dawowa dattijon ya yafito ni. Na durƙusa na miƙa masa takardar, ya shafa gilashin da tafin hannu.

"'Yata, ni ban yi boko ba. Na kasa kunne ban ji sunana ba, na ce ko kunnen ne ya tsufa. Nuna mini inda Garba yake."

Da na nuna masa kowace kalma da ya yarda, kuma na ga Sagir yana yi mini alama da ido in yi hakan. Na kasa. Na ɗaga kai na dubi Yallaɓai, shi kuma ya durƙusa kusa da ni da rigarsa mai aiki a cikin laka.

"Baba, bai shiga ba. Wuri ne ya ƙare."

"Wuri ya ƙare," in ji dattijon a hankali. Ya sake shafa gilashin, ya miƙo mini. "To, Allah ya yi albarka."

Duk haushin Yallaɓai da nake ji, a lokacin tausayinsa ne ya kama ni.

Washegari ya hawo bene, ya tsaya a gaban teburina kamar yau ya fara ganina a wurin. Ya tambaye ni me nake yi a nan, wa na bar wa aikin bayani. Wannan shi ne ban haƙurin da na samu, kuma na karɓa, don na san manajojinmu ba su da wanda ya fi shi. Ya sa Sagir ya mayar da Haɗau yadda yake tun farko, ya ce in rubuta gargaɗina baro-baro, cewa in layi ya yi tsawo laƙabi ne zai faɗi. Da na zo kan misalin na tambaye shi wane laƙabi zan sa, tunda duka ba za su shiga ba.

"Isa Garba," ya ce. "Ki bar shi haka."

Abin da na koya ke nan, shi nake so ku riƙe. Bayanin da ya faɗi abin da kaya ke iyawa ya yi shiru a kan inda suke gazawa, talla ne, kuma wanda ya fi yarda da ku shi zai fara faɗawa ramin. Kada kuma ku kuskura ku sa sunan maigidanku a misali, ko da shi kaɗai ne ya rage a duniya. Mutanenmu kuwa ba sa canzawa gaba ɗaya. Yallaɓai ya ci gaba da tara laƙabi har sai da aka sake masa allon ofis mai faɗi, kuma kowa a gari da su yake kiransa. Amma har kamfanin ya rufe, duk lokacin da za a buga sabon faifai sai ya zo bayan kujerata ya ce in buɗe masa bayanin Haɗau, ya duba ya ga Garba yana nan, sannan ya miƙa makullin janareta a buga faifan.