Hannun da Ya Taɓa Mini Turbo

Ni dai tun tasowata ba na yarda da abu mai araha. Ko kifi aka rage mini kuɗinsa a bakin kogi sai na ɗaga kunnensa na shinshina. Shi ya sa ranar da wani dillali ya nuna mini motar nan a bayan tashar Haɗeja, ya faɗi kuɗin da ko tsohon babur mai ƙafa uku ya fi su, na ce a raina banza ba ta kai zomo kasuwa. Tsohuwa ce 'yar Jamus, baƙa, amma rana ta mayar da ita toka-toka. Na ɗaga shimfiɗar ƙasanta ina neman laka, don a garinmu mota mai araha sau da yawa ta taɓa kwana cikin ambaliya. Na cusa hanci a kujeru. Na karɓi takardu na kai aka duba. Ba laka, ba wari, ba kuma ta sata ba ce. Har haushi na ji da ban kama dillalin da komai ba.

Abin da ya ja ni gare ta turbo ne. Wani ƙarfe ne a naɗe kamar katantanwa a gefen injin, yana cusa masa iska da ƙarfi. In ka taka totur sai ka ji yana fito, motar ta manna ka da kujera. Sana'ata sayar da injinan ban-ruwa da kayansu, kasuwa-kasuwa, yau Kafin Hausa, gobe Jahun ko Guri, don haka na riƙa ce wa mutane saboda kada manoma su jira ni na saye ta. Wanda ya yarda ya yarda. Gudu kawai nake so, kuma na kai shekarun da in ban yi yanzu ba, sai dai a yi da ni ina kujerar baya.

Bakanikena ba bare ba ne. Ɗan maƙwabtanmu ne, mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe, sai Iya, mahaifiyata, ta ɗauke shi ta goya tare da ni. A duk faɗin garin nan shi kaɗai ne zan miƙa wa mukulli in juya baya. Kowa ya san ɗabi'ar masu mota a gareji: mutum ya kafe a kan benci yana zare ido, kada a cire masa sabo a sa tsoho, wasu har ɗigon fenti suke yi wa kayan injin don shaida. Ni bencinsa hira ce take zaunar da ni.

Muka duƙufa. Ya kwance turbo ya wanke, ya sa bututun iska mai faɗi, ya canza salansa da mai babban baki, muka ɗora tayoyi masu kauri, sannan muka kai ta Kano wani mai kwamfuta ya taɓa ƙwaƙwalwarta. Ranar gwaji muka hau hanyar Kafin Hausa. Kaka ce, manoma sun shanya shinkafa a gefen kwalta kamar yadda suka saba. Na taka. Allurar maleji ta yi ta kwanciya, shi kuwa ya riƙe ƙofa da hannu biyu, yana salati yana dariya.

"Kai, ɗan Iya, wannan ba mota ba ce, aljana ce!"

Iskarmu ta kwashe wa wani dattijo shanya, na hango shi ta madubi yana ɗaga sanda. Kafin mu dawo gida labari ya riga mu.

Na ɗan sha daɗina. Sai wata rana na kai ta a canza baƙin mai, na bar ta ta yini a garejin. Da na ɗauko ta, lafiya lau take tafiya, ba ƙara ba hayaƙi, amma fiton nan ya koma kamar numfashin mai mura. In taka har ƙasa, ta yi ta jan jiki sai ka ce an tashe ta daga barci. A hanyar Jahun wata bas cike da buhunan albasa ta wuce ni, direban har da ɗaga mini hannu. Ranar ban ci abincin kirki ba.

Na koma wajen bakanikena. Ya ce mai ne, man yanzu duk gauraye ne. Na canza gidan mai. Ya ce zafi ne. Na jira sanyin safiya, ba ta canza zani ba. Ya ce to tsufa ne, ai ta girmi 'ya'yana. Duk wannan yana faɗa yana kallon cikin bonet, bai kalle ni ba. Ya kuma daina cewa in zo mu zaga.

Ba wanda ban zarga ba. Na zargi dillali, na zargi mai kwamfuta, na zargi maƙwabcina da kullum in zan fita sai ya ce, "A'a, jirgi zai tashi." Har turaren kambun baka na sa matata ta yi wa motar. Bakanikena shi ne na ƙarshe da zuciyata ta je kansa, kuma da ƙyar ta je, don na san in ya fita daga cikin waɗanda na yarda da su, ba sauran kowa. Amma wani a majalisarmu ya ce mini, "Alhaji, da ɗan gari akan ci gari," maganar ta shiga ta zauna. Zuwan da na yi na gaba, sai ga ni a kan benci na yi shiru, idona a kan hannunsa. Ya lura. Ya aika aka kawo mini shayi.

Ban gaya masa ba na ɗauki motar na kai wa wani bakanike a Kano. Na riga na shirya jin an sace turbo an sa mini ruɓaɓɓe. Mutumin ya duba ya ce turbo na nan garau, ba a ɗauki ko noti ba. Sai ya nuna mini wata 'yar sanda a jikinsa, wadda ke riƙe iska kada ta zurare kafin lokaci. An sassauta ta.

"Wannan ba kuskure ba ne, Alhaji," in ji shi. "Wanda ya yi ya auna. Ya rage mata ƙarfi daidai yadda ba za ta lalace ba, ba kuma za ta yi gudu ba. In ɗaure?"

Na ce ya bar ta, shaida ce.

Da sata ce da na gane, talauci ba abin da ba ya sawa. Amma mutum ya zauna ya auna yadda zai kashe maka jin daɗi, wannan ai sai hassada. Tun daga Kano har Haɗeja nake tafasa, ga motar ta ƙi sauri balle in huce. Ban biya gida ba. Na tsaya a garejinsa, masu jiran gyara cike da benci, na buɗe bonet na ɗora yatsa a kan sandar.

"Kai ka taɓa nan?"

"Ni ne."

"Don me?"

Ya yi shiru. Shirun ne ya ƙara tunzura ni. Na kira shi munafuki, na kira shi mai baƙin ciki, na ce da zanin uwata aka goya shi amma ga sakayyar da ya yi mana. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"Ka gama?" ya ce. "To, Allah ya huci zuciyarka."

Na wuce wajen Iya in kai ƙara, tunda ita ta raine shi. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na zazzage mata komai. Ba ta ko ɗago ba.

"Ni na sa shi."

Na ce, "Na'am?"

"Ni na kira shi nan. Na ce masa ka ga hanyar nan, shanu suna tsallakawa, yara suna tsaron shanya, ruwa ya cinye gefen kwalta. Na binne ubanku, ban shirya zaman karɓar gaisuwar ɗa ba, ban kuma shirya a zo a ce ɗana ya take ɗan wani ba. In na gaya maka, cewa za ka yi to, ka fita ka ƙara wuta, ni na haife ka. Na ce ya rage mata, kuma don darajar goyon da na yi masa kada ya bari ka ji daga bakinsa." Sai ta dube ni. "Me ka ce masa?"

Na faɗa mata rabi. Ta ajiye faifan.

"Har da zanina?"



Har gobe ina nan a kan bakana cewa ba a kyauta mini ba. Motata ce, ba yaro ba ne ni, kuma zargina bai faɗi ƙasa ba, hannu ya taɓa ta. Amma washegari da safe na je garejin. Ya miƙe tsaye ya gaishe ni kamar yadda yake gaida manyan masu kawo aiki. Na ce Iya ta gaya mini komai. Ya ce madalla. Na ce a bar abin ya wuce. Ya ce ai ya wuce. Na tsaya ina jiran ya yi mini tsiya ko ya zage ni, wani abu dai da zan riƙe, sai ya ce yana da aiki a ƙarƙashin wata mota, ya kwanta ya shige.

Sandar tana nan a sassauce, ban sa kowa ya ɗaure ta ba. Yana zuwa gaida Iya kamar da, yana kawo mata goro da sabulu. Sai dai in ina ciki, nakan ji ƙarar babur ɗinsa ta taho, ta rage a ƙofar gida inda motata take, sannan ta ƙara wuta ta wuce. Iya ma tana ji. Takan tsaya da abin da take yi har ƙarar ta ɓace, ba ta kallona.