Matar da Ta Ƙi Cire Iyaka

Kullum kafin masu ɗaure kaya su iso, Anti Sannu ta riga ta zauna a lungunta kusa da firinta, tana karanta kurakuran da uwar garke ta rubuta jiya, wato na'urar da ke ɗauke da shagonmu na takalma a intanet. Shekara tara ke nan. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, mun ɗauka ɗumama kujera kawai take yi.

Ranar babban rangwame ce ta buɗe mana ido. Da hantsi shafin ya fara cijewa, masu saye su cika kwando, biya ya gagara. Mai shago ya faɗo ɗakin ko sallama babu.

"Anti, cire iyakokin nan duka, kowa ya shigo."

"Ranka ya daɗe, mutum arba'in na ƙayyade wa uwar garke a lokaci guda. In na buɗe wa ɗari biyar, ƙwaƙwalwarta ta cika, kowa ya faɗi."

"Ki cire, ko ki ajiye mini makulli."

Matar da ke riƙe da marayun ƙaninta uku ake gaya wa haka. Amma ba ta cire ba. Ta adana tsohon saitin a gefe, ta duba ƙwaƙwalwar da ta rage, ta mai da arba'in sittin a shagon gwaji, kwafin shagon da masu saye ba sa gani. Da ta ga ya zauna, sannan ta taɓa na gaske. Mai shago na tsaye a kanta yana huci har odar masu saye ta fara shigowa kamar an kunce famfo. Ya fita, ko sannu bai ce ba.

Makon jiya, da za ta yi ritaya, wanda zai gaje ta ya sake auna na'urar, sai ya riƙe baki. Ashe da ta wuce saba'in, da shagon ya durƙushe a ranar, da aikinmu mu goma sha biyu. Wallahi har yau abin na ba ni tsoro.

Ke ce kika sa abincinki cikin haɗari don namu ya tsira, Anti, ba ki kuma taɓa yi mana gori ba. Mun gode, mun kuma ji kunya. Masu riƙe da amanar na'ura, ku auna kafin ku ƙara, ko da maigida na tsaye a kanku.