Kunnen da Sanƙarau Ya Bar Mini

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Ba na jin ƙarar wayar ne a lokacin.

Ga wanda bai san ni ba, ruwa nake sayarwa a Kara-Kara da amalanken jaki. A shekarun nan da ake fari famfon unguwa ya fi zama a bushe, sai mu fita bayan gari mu cika bido-bido, wato jarkoki, mu dawo.

Ina layin rijiya kaina ya fara sara. Na ce rana ce. Kafin in iso gida wuyana ya ƙi lanƙwasuwa, hasken ƙofa ma sukar idona yake.

Matata Falmata ta taɓa goshina ta ce, "Baban Zara, wannan ba masassarar da muka saba ba ce. Tashi mu tafi."

Ban tuna hanyar asibiti ba. Na dai tuna an dunƙule ni a kan gado, an soka allura a bayana an ɗebi ruwa.

Sanƙarau.

Sai ƙarin ruwa, sai allura safe da yamma. Tunkiyar Falmata aka sayar aka sayi magani a farmasi. An karyar da ita ne kawai, don bana kowa dabba yake sayarwa, ba ciyawa.

Da na farfaɗo na ga Inna, mahaifiyata, zaune a gefena. Bakinta yana motsi. Na jira maganar ta iso, ba ta iso ba.

Ana tambayata ko na ji tsoro. Falmata ce ta ji. Ni kallo kawai nake yi. A ba ni kunu in sha, a juya ni in juya.

Ranar da na gwada tsayuwa, ƙasa ta karkace na faɗi. Aka ɗaga ni, na sake faɗuwa.

Bayan wasu makonni kunnen hagu ya ɗan buɗe. Abin da na fara ji shi ne cokali yana bugun kwano, can nesa, kamar daga cikin rijiya.

Aka sa mini wata na'ura a kunnuwa, aka ce in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara. A hagu na ɗaga. A dama hannuna bai bar cinyata ba.

Likitan ya zagayo ta haguna ya ɗaga murya. "Malam Habu, can cikin kunne akwai wani abu mai kama da dodon koɗi, cike da ruwa da ƴan gashi ƙanana. Sauti ya kaɗa ruwan, gashin ya kai saƙo ƙwaƙwalwa. Kusa da shi akwai ƴan bututun da ke gaya wa jiki ko a miƙe yake ko ya karkace. Ciwon ya lalata na dama. Jirin zai ragu, jin ba zai dawo ba."

Na ce, "To."

Ya ce, "Da kunne ɗaya za ka ji, amma ba za ka san daga ina ba. Shi ya sa mutum da dabba duk biyu gare su. Ka yi hankali da hanya."

Na sake cewa, "To."

Na koyi tafiya da dafa bango, daga baya da sanda. Gida ba hatsi, sai na koma aiki.

Wata safiya ina dawowa da kaya a bakin kwalta, na ji ham ɗin mota. A jina daga hagu take, sai na ja jakin zuwa dama. Ya turje. Na doke shi, ya ƙi. Kunnuwansa biyu sun juya baya ta dama, sun miƙe cak.

Kamiyo, babbar motar kaya, ta wuce daidai inda nake son jan sa. Iskarta ta ɗauke mini hula.

Na ɗauki hulata na kaɗe, muka ci gaba.

Tun ranar, idan na ji ƙara a hanya ba na waiwaye. Kunnuwan jakin nake kallo, inda suka juya nan abin yake. Bulalar kuma na daina ɗauka.

Yanzu ina tafiya ba sanda. Idan duhu ya yi ƙasa takan ɗan motsa. Ba zan ce ina murna ba, ban kai can ba tukuna. Amma ina raye, alhamdu lillahi.

Na gode wa Falmata da Inna, da ma'aikatan da suka yi ta juya ni, da maƙwabcin da ya raba wa jakina ɗan harawarsa ina kwance. Allah ya saka da alheri.

Idan zafi ya shigo, kai ya sara, wuya ya sanƙare, kada a jira gobe. A kai yara rigakafi. Wanda ya tashi daga sanƙarau a gwada masa kunne, ko bai yi ƙorafi ba.

Idan kuma kun kira ni a gari kuka ga na juya wani wajen, ba share ku na yi ba. Ku zagayo ta haguna, mu gaisa.