Ranar da Akawal Ya Yi Iyo a Wara

Muna idar da sallar asuba muka bar Shanga, ni da ɗana, Akawal yana bayan motar ɗaukar shanu. Akawal tsohon dokina ne. Ƙafarsa ta baya ta kumbura tun damina, har masu sayen dawaki don yanka sun fara leƙo ni. Aka ce mini akwai wani masunci kusa da Wara da ya iya jinyar doki.

Hanya zuwa Yelwa da dama-dama. Can muka karya da ƙosai da soyayyen kifi. Kifin ya yi daɗi, amma da na ji kuɗinsa sai na tambayi mai sayarwa ko a jirgin sama ya zo.

Daga Yelwa ramuka suka fara. Ɗana kuma ya yi ta nuna mini a wayarsa wani mai da ake tatsa daga ganyen wiwi, wai a ƙasashen waje ana ba dawaki don ciwon gaɓoɓi, kuma ba ya bugarwa. Sai na gaya masa abin da ban taɓa faɗa ba: ina saurayi na zuba wa wani dokina wiwi a dusa don ya daina tsorata. Ya yi ta tangaɗi, ya faɗa rami, ya karye. Na ce wa mutane maciji ne ya firgita shi. Ɗana ya mayar da wayar aljihu.

Bakin ruwan Wara ya burge ni. Jirage jere, mata na banda kifi, kowa na gaishe ka kamar ya san ka. Da muka sami masuncin, ya shafa ƙafar Akawal a hankali, ya ce, "Baba, mi kuka ba shi?" Ɗana ya kawo zancen man. Masuncin ya ce, "Ba na cewa ƙarya ne, ban dai san shi ba. Ku tambayi likitan dabbobi. Ni ruwa na sani."

Ya shiga kwalekwale riƙe da igiya, yana yi wa dokin magana har ƙafafun dokin suka bar ƙasa. Sai ga Akawal yana iyo, ƙafar tana motsi ba nauyi a kanta. Da suka fito ya murza mata man kaɗanya, ya ce mu bar dokin a wurinsa sai wata ya mutu. Bai yi mini alkawarin komai ba, wannan ma ya ƙara mini yarda da shi.

Mun iso gida bayan magariba. Abin da na koyo shi ne, dabba ba ta da bakin tambayar me aka zuba mata, sai mai ita ya tambaya a madadinta.

Jiya masuncin ya kira ni yana dariya. Ya ce Akawal ya shure shi, kuma da ƙafar mai ciwon.