Daga Harobanda zuwa Tondibia da garin kunun Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar ɗakin kwanan ɗalibai a Harobanda, ni da abokiyar ɗakina, Bazabarmiya ce mai baki, wadda na roƙa ta raka ni don ni ba na iya tsayawa gaban baƙo in yi tambaya. Dalilin tafiyar gajere ne. Gwaggona da ke Goudel ta yi garin kunun gero, ta ƙulle a leda, ta aika ƙauyenmu na wajen Tahoua saboda yaran ƙanwarta, garin ya isa da fumfuna. Buhu ɗaya ya rage mata, kuma kamiyon da zai kai saƙo, wato babbar motar kaya, zai tashi ranar Juma'a. In wannan ma ya lalace, babu wani. An ce mana akwai ƙaramar ma'aikata a Tondibia da ke sa gari a leda ya yi watanni lafiya, shi ne na ce zan je in gano inda kuskuren yake.

A kan gada na leƙa ƙasa. Kogin ya janye har tsibiran yashi sun fito, mutane na ratsawa da ƙafa, wando a naɗe. A gefen hanya akwai rumfunan tabarma na mutanen arewa da fari ya koro. Ga igiyoyin ɗaure shanu a rataye, amma babu shanun.

A Goudel mun tarar da Gwaggo tana kwashe geron da ta wanke jiya, wanda ya kwana a shanye kan tabarmi a lambunta na bakin ruwa. Haka take yi kullum: ta kwashe da sanyin safiya, ta kai inji, ta dawo ta ƙulle leda da harshen kyandir kafin rana ta yi zafi. Ta ba ni leda ɗaya ta ɓataccen garin da aka dawo mata da shi, na kuma ɗebi tafi biyu na geron a ƙyalle.

"Ki ce masu ledar zamanin nan ce ba ta da kyau," in ji ta. "Da a ƙwarya muke aikawa."

Motar Tondibia tsohuwar ƙaramar bas ce, ƙofarta da igiya ake riƙe ta. Kuɗin mota ya ƙaru kan na bara, direba ya ce mu tambayi mai sayar da taya. A shingen sojoji aka sauke mu duka, kowa ya nuna katinsa. Wani soja ya buɗe ledata, ya shinshina, ya janye fuska.

"Madamazel, wannan wa za ki kashe da shi?"

Abokiyata ta ce darasi ne na lakkwal, wato makaranta, ya miƙo mani ledar da yatsu biyu, muka wuce.

Ma'aikatar ɗaki uku ce da fili, mata ne ke aiki, kowa da ɗankwali a ɗaure tam. Shugabarsu, wadda suke kira Madam, ta zagaya da mu. Na rubuta duk abin da na gani a kayena, littafin da nake ɗaukar darasi a ciki. A fili akwai akwatunan shanya masu murfin gilashi, rana na shiga, ƙuda da ƙura ba sa shiga. A ɗaki na farko ana auna gari a sikeli, a zuba a leda, a danna bakinta da wani ƙarfe mai zafi na lantarki, ya bar layi miƙaƙƙe. In wuta ta ɗauke, sai su ɗora wuƙa a kan garwashi su ci gaba. A ɗaki na biyu ana dafa kwalabe a tukunya, a cika su da ruwan tsamiya, a buga marfi da injin hannu. Madam ta ce gwangwani ya fi ƙarfinsu, daga waje ake kawo shi, kuma mutane yanzu sun fi son leda domin suna ganin abin da za su saya. Takardar buhun siminti da ake naɗe gari da ita a kasuwa, ta ce, kwananta ya kusa ƙarewa.

Tambayoyi goma sha biyu na rubuta tun a ɗaki, ban yi ko ɗaya ba. Sai da abokiyata ta zungure ni na ajiye ledar Gwaggo a tebur. Madam ta duba bakin ledar, ta ce wanda ya liƙe wannan ya iya aiki. Sannan ta dube ni.

"'Yata, a ina geron ke kwana?"

"A lambu, bakin kogi."

"Yaushe ake kwashewa?"

"Da asuba."

Ta ɗauko busasshiyar kwalba, ta zuba geron da na zo da shi, ta ƙara cokalin gishiri, ta rufe, ta girgiza, ta ajiye. Muka ci kopto, wato kwaɗon ganyen zogale, a inuwar bango. Da muka dawo gishirin ya manne a jikin kwalbar.

"Raɓa ce," in ji ta. "Sama ta hana ruwa, amma kogi bai daina huci ba. A ƙwarya danshi yana fita. A leda ba shi da ƙofa."

Ta ce a kwashe gero bayan azahar, a bar gari ya huce daga zafin inji, sannan a liƙe. Ta ba ni kwalbar kyauta.

Mun iso Goudel kafin la'asar. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta yi dariya.

"Danshi? A shekarar da rijiya ke ba da ƙasa? Abin da ake koya maku ke nan a babbar lakkwal?"

Na sake gwajin kwalbar a gabanta da geron da ta kwashe da safe, gishiri ya manne. Washegari muka shanya shi tun hantsi, muka gwada bayan azahar, gishirin ya zube ƙasan kwalba yana ƙara kamar yashi. Ta karɓa, ta girgiza da kanta sau uku, ta ce in miƙo mata kyandir. Ranar Juma'a ledoji suka hau kamiyo, ni kuma na haye gada na koma Harobanda.

Abin da tafiyar ta koya mani bai kai shafi ɗaya ba a kayena. Sabuwar leda ta zo, amma tsohon lokacin aiki bai tashi ya ba ta wuri ba, kuma fari ya sa babu wanda ya yi zargin ruwa. Tambaya biyu Madam ta yi, ba sa cikin goma sha biyun da na rubuta.

Jiya direban kamiyon ya dawo daga Tahoua. Bai kawo wasiƙa ba, ƙullin tsumma ya miƙa wa Gwaggo. A ciki ledojinmu ne, yara sun shanye kunun garin tas, an wanke su, an shanya, an ninke ɗaya bisa ɗaya.