Zakirai: Kayan Injin da Suka Wuce Ni

Sallar asuba kawai muka idar muka bar Ungogo, ni da taubashina. Kakanmu, tsohon dillalin gyaɗa, ya bar motoci biyu iri ɗaya 'yan Amurka, ɗaya ta faɗo gidanmu, ɗaya gidansu. Injinsu irin na da ne mai shafaffen kai, silinda shida, fulogai jere a sama kamar ƙwai a faifai. Tun da muka gaje su muke gasar wanda zai ƙawata nasa injin da kayan zamaninsa na asali. Ni na fara jin labarin wani injin niƙa a Zakirai da aka ciro daga irin motarmu. Bakina da ba ya riƙe magana, na gaya masa, har na ɗauko shi a ƙaramar motata.

Hanyar Gezawa ba laifi, sai dai motoci sun ragu, mai ya gagari mutane. Jakuna da amalanken shanu sun dawo da ƙarfinsu. Dawa ta yi kai, gona na manne da gona, ba wurin da za ka ajiye tabarma. Mun tsaya karin kumallo, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka ɗauki biyu kafin bakinka ya san an shigo.

Da hantsi muka isa. Wani dattijo ya buɗe mana rumfar niƙan, ya ce tsadar fetur ce ta sa aka daina tayar da injin. Ya yaye buhun da aka rufe shi. Wayyo Allah! Murfin kai na alminiyon mai layi-layi, kafireto biyu, kofin gilashi na tace mai, bututun tagulla. Duk abin da na yi shekaru ina nema a 'yan gwangwan, ga shi gari ya lulluɓe.

Na danne zuciyata, na ja dattijon zaure. Kun san yadda muke ciniki, sai ka kushe kaya kafin ka taya. Na kuwa zage. Na ce, "Baba, wannan ai tarkace ne, ko masu awon ƙarfe sai an roƙe su." Shi dai murmushi yake, yana tura mini kwanon fura.

Da na fito, sai na tarar da taubashina durƙushe gaban wata tsohuwa, ya goge murfin injin da bakin rigarsa har yana ɗaukar ido. Ashe injin ba na dattijon ba ne, na matarsa ne, gadon mahaifinta direba. Kuma zana ce kawai tsakanin zauren da inda take zaune.

Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai tarkace? Sannu. Wannan da ya tambaye ni sunan mahaifina, na sallama masa."

Na ce, "Inna, zan ƙara a kan nasa."

Dattijon ya ce, "Haba Alhaji, ciniki a kan ciniki? Ta riga ta sallama."

Ni na kwance musu kayan ma, don taubashina ya san na fi shi hannu. Kowane noti na warware, sai na ji kamar haƙorina nake cirewa. A but ɗin motata aka zuba su, da man da na saya muka dawo, yana gefena yana waƙe-waƙe, yana tambayata wai ko kafireton zai so wanki. Wallahi har Gezawa ban dube shi ba.

Mun shigo gida bayan la'asar. Abin da na koyo, kafin ka buɗe baki a kan kaya, ka san na wane ne, ka kuma san wa ke bayan zana. Jiya taubashina ya tayar da motarsa ya zo ƙofar gidana ya buɗe bonet, maƙwabta suka taru. Sautin injin lafiya lau, ko tari babu. Na ce masa Allah ya sanya alheri, na koma ciki na rufe tagogi.